Gyaɗa a Kan Taswira

Na shimfiɗa Afirka a tsakar gidanmu na Garwa,
na danne Masar da takalmi, Dakar da butar shayi,
don iskar Binuwai ba ta ganin girman takarda.

Mako biyar asibiti ya ba ni.
Shekara sha ɗaya ina karɓar haihuwa,
ina yanke cibi, ina zuba adashi,
yau kwasata ta zo:
sefa ta cika jaka, ta kasa cika nahiya.

Sai na ɓare gyaɗa.
Duk inda raina ya ja ni, in ajiye ƙwaya.
Ɗaya a Tumbutu, saboda littattafan da suka girmi kakan kakana.
Ɗaya a dutsen nan mai farar hula
wanda aka ce rana ta gaji da ƙoƙarin tuɓe masa.
Ɗaya a Zanzibar, in ga kanumfari a kan uwarsa
kafin ya faɗa tukunyar shayi.
Ɗaya can kudu, inda kogi guda ke faɗawa rami
ƙararsa ta hana mutum jin tarin kansa.
Kafin la'asar, ashirin da ɗaya.

Kawu Hammadiko, da ya tsufa a kan sitiyarin motar auduga,
ya leƙo ta saman tabarau:
"Tsakanin wannan da wannan taƙi ɗaya ne a nan,
a ƙasa kuwa kwana tara ne, in taya ba ta fashe ba,
in mai hatimi ya tashi da fara'a.
Takarda ba ta da laka, ɗiyata."

Goggo Dijja ba ta ko dubi taswirar ba.
Tana tsinar shinkafa ta ce,
"Yayana ya bi hanyar gabas da ƙafa,
ya nufi Makka, ya tsaya noma a Sudan.
Ki sa masa ƙwaya ɗaya.
Ko kabari ne, ki ce muna gaisuwa."
Na sa. Ashirin da biyu.
Ita ce ta fi duka nauyi, ban san dalili ba.

Sali tela ya ce in ba teku, ban yi tafiya ba.
Maƙwabciya ta ce in sayo mata turare.

Na shiga ɗaki ɗauko alƙalami in yi lissafi.
Ina fitowa, ga kazar Goggo tsaye a kan Kongo,
ta gama da kudu, ta haɗiye Zanzibar,
tana hararar Habasha da ido guda.
Na ɗaga murya. Kawu ya ce, "Bar ta,
ta yi miki aikin da kika kasa tun azahar."

Shida suka rage.
Ta Goggo na nan. Tumbutu na nan.
Dutsen ya tsira da hularsa.
Akwai wata da ban ajiye ba,
ƙafar kaza ce ta gangaro da ita
ta tsaya daf da gida, wajen Rumsiki,
yini ɗaya a mota,
duwatsun da baƙi ke keto duniya su gani,
ni kuwa a kalandar kantin magani kawai na san su.

Na ji kunya kaɗan. Na bar ta a wurin.

Da dare na zauna da sauran a tafin hannu.
Daga kogi dorina ta yi gurnani sau biyu.
Tun ina goye nake jin ta,
ban taɓa tashi da asuba na je na gaishe ta ba.

Jibi zan kama hanya.
Wuraren da kaza ta ci
ba su san an cinye su ba,
suna nan, ana hura wuta a cikinsu,
wata ungozoma na wanke hannu,
wataƙila tana ajiye ƙwaya a kan sunan garinmu.